Babi na Biyar: Wataƙila Ni Ce Na Taɓa Wani Wuri

A watan Fabrairun 2023, lokacin da takardar kuɗi ta yi wuyar gani har mutane suna kwana a bakin banki, na raka gwaggona wani kemis da ke daura da asibitin da aka kwantar da mijinta. Bayan sallar isha'i ne. Likita ya rubuta allurai, ya ce a kawo su kafin ƙarfe goma. Mai kemis ya haɗa kayan a leda ya ajiye a gefensa, ya nuna mana wani kwali da ya rubuta lambar asusunsa a jiki. Gwaggo ta ciro wayarta daga jaka. Ba ta daɗe da koyon tura kuɗi ba. Jikanta ne ya saka mata manhajar bankin, ya nuna mata sau biyu ko uku. Ta shigar da lambar a hankali tana karanta kowace ɗaya a fili, ta sa lambar sirri, ta danna.

Sai wata 'yar da'ira ta fito a tsakiyar allon tana juyawa.

Ba ta fi minti biyu tana juyawa ba. A cikin minti biyun nan na ga gwaggo ta goge tafin hannunta a mayafi, ta ɗaga wayar sama kamar mai neman sabis, ta sauke, ta kalli ledar maganin, ta kalli mai kemis, ta sake goge hannu. Da da'irar ta tsaya sai ga jan rubutu da Turanci, da wasu lambobi a ƙarshensa waɗanda babu wanda ya san ma'anarsu a cikinmu. Kafin mu gama kallon juna saƙo ya shigo cewa an cire kuɗin. Mai kemis ya duba tasa wayar ya girgiza kai.

"Hajiya, ni fa ban ga alat ba."

Gwaggo ba ta ambaci banki ba, ba ta ambaci sabis ba. Ta miƙo mini wayar da hannu biyu, ta sassauta murya don kada na bayanmu su ji.

"Duba mini, ɗan nan. Wataƙila ni ce na taɓa wani wuri."

Na duba. Komai ta yi shi daidai. Na biya daga nawa asusun, muka karɓi leda muka tsallaka titi, amma maganar tata ta biyo ni har gida, kuma ita ce ta sa nake rubuta wannan babi.

Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Don Norman, ya lura da wannan ɗabi'a tun kafin wayar hannu ta shiga aljihun kowa. A littafin da ya fitar a 1988 kan ƙirar kayan amfanin yau da kullum, ya yi ta nanata cewa idan na'ura ta gagari mutum, mutumin kan ɗora wa kansa laifi, ya yi gum, ya ɓoye, alhali kuwa laifin na maƙeri ne. Misalin da aka fi saninsa da shi ƙofa ce, wadda aka sa wa mariƙin da ke kiran hannu ya ja, ita kuwa turawa ake yi. Mutum ya ja ta ƙi, ya sake ja, sannan ya waiwaya ya ga ko an gan shi. Da Norman ya kama aiki a kamfanin Apple a 1993, shi ya yaɗa sunan da sana'ar tsara kaya da manhaja ke amsawa a yau, wanda masu ita ke taƙaitawa da haruffa biyu, UX. Abin da yake nufi ya fi allo da maɓallai faɗi. Yana nufin duk abin da mutum ya ɗanɗana tun daga ranar da ya fara jin labarin kaya, zuwa buɗe kwalinsa, har ranar da ya lalace aka fita neman mai gyara.

Waiwayen nan na bakin ƙofa shi ne abin da ya dame ni. Kunya ce. Babu inda ake rubuta ta, babu wanda yake kai ƙararta ofis, kuma wanda ya jawo ta ba ya wurin da zai gani.

Norman kansa ya ɗauki shekaru kafin ya ba zuciya haƙƙinta. Da farko hankalinsa na kan sauƙin aiki kaɗai, har wasu suka riƙa ce masa duk wanda ya bi shawararsa zai ƙera kaya masu aiki amma munana. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka juya masa tunani daga Japan ya fito. A 1995 wasu masu bincike biyu na kamfanin Hitachi, Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura, suka zana allon na'urar cirar kuɗi iri 26. Maɓallan iri ɗaya ne, aikin ma haka, zamansu kawai aka sassauya, wasu suka fito tsaf, wasu a hargitse. Aka nuna wa mutum 252, aka ce kowa ya faɗi yadda yake ganin kyan kowane allo, da yadda yake zaton sauƙin aiki da shi. Amsoshin biyu suka riƙa tafiya tare. Allon da ido ya so, shi aka fi yi wa zaton sauƙi, fiye da abin da ainihin tsarinsa ya cancanta.

Wani malamin jami'a a Isra'ila, Noam Tractinsky, bai gamsu ba. A ganinsa wannan halin Japanawa ne da aka san su da ƙawata komai, mutanen ƙasarsa kuwa aiki suka sa gaba. Ya nemo zanukan, ya mayar da rubutun cikin Ibrananci, ya maimaita gwajin da niyyar rushe shi. Sakamakon da ya buga a 1997 ya fi na Japan ƙarfi. Bayan shekara uku, shi da abokan aikinsa suka sa mutane su yi aiki da irin na'urar da hannunsu, aka tambaye su bayan sun gama, ra'ayin bai kau ba.

Me ya sa? Norman ya jingina amsarsa da aikin wata masaniya, Alice Isen, wadda ta nuna cewa idan aka ɗan faranta wa mutum rai, ko da ɗan gajeren fim na barkwanci ne ko 'yar kyautar alewa, tunaninsa kan buɗe, ya fi hango mafita idan ya ci karo da matsala. Mai farin ciki idan ya danna abu ya ƙi, sai ya gwada wata hanya. Mai fargaba kuwa hanya ɗaya yake gani, ita zai yi ta maimaitawa. A littafinsa na 2004, Emotional Design, Norman ya ce kaya na taɓa mu a wuri uku: kallon farko, wanda yake riga tunani isa, lokacin aiki, inda hannu ke gane ko abin yana bin umarninsa, da bayan an ajiye, lokacin da mutum ke ba kansa labarin abin da ya faru da abin da hakan ya faɗa game da shi.

A nan ne nake ganin masu tsara manhaja da yawa suka ɗauki rabin darasi suka bar rabi. Sun ji cewa kyau yana aiki, sai suka zuba launi, da fuskoki masu murmushi, da 'yan zane masu tsalle idan an gama abu. Gaskiya ne shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To amma manhajar da ke wayar gwaggo ba mummuna ba ce. Da ka buɗe ta za ta gaishe ka da sunanka, ta yi maka barka da yamma, launukanta masu kwantar da ido. Ta yi fara'a a bakin ƙofa, da baƙo ya shigo da larura sai ta bar shi a tsaye a zaure. Kuma mutane suna jin hakan kamar yadda za su ji shi daga ɗan Adam. Wasu malamai biyu na jami'ar Stanford, Byron Reeves da Clifford Nass, sun nuna tun 1996 cewa muna mu'amala da kwamfuta da irin ladubban da muke yi wa junanmu ba tare da mun sani ba, har mukan yi mata kara. Wanda kake yi wa kara kuwa, kana sa ran ya rama maka. Rabin darasin da aka bari shi ne bayan maganar Isen: idan tsoro yana ƙuntata tunani, to wurin da mutum zai fi jin tsoro nan ya kamata a fi zuba ƙwarewa, a fi sauƙaƙa magana.

Jira yana cikin waɗannan wurare, kuma an daɗe da auna shi. Jakob Nielsen, ɗan ƙasar Denmark wanda daga baya suka kafa kamfanin ba da shawara tare da Norman a 1998, ya tattara iyakoki uku a littafinsa na 1993. Idan na'ura ta amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum ji yake yi hannunsa ne ya yi aikin. Idan ta kai daƙiƙa 1, ya lura da jinkirin amma tunaninsa bai katse ba. Idan ta haura daƙiƙa 10, hankali ya tashi daga kan aikin, dole a gaya wa mutum abin da ake ciki da lokacin da ya rage. Gwaggo ta ninka wannan iyaka sau goma da 'yan kai, ba a ce mata uffan ba.

Da'ira mai juyawa ba ta faɗin komai. Juyawarta ɗaya ce ko ana aiki ko an maƙale. Tun 1985 Brad Myers, yana ɗalibi a jami'ar Toronto, ya nuna cewa mutane sun fi son sandar da ke cika a hankali tana nuna nawa aka yi nawa ya saura, ko da lokacin jiran bai ragu ba. A 2011 kuma Ryan Buell da Michael Norton na jami'ar Harvard suka gwada shafin neman tikitin jirgi iri biyu. Ɗaya yana kawo amsa nan take. Ɗaya yana jinkirtawa, amma yana nuna sunayen kamfanonin jiragen da yake bincikawa ɗaya bayan ɗaya. Amsar iri ɗaya ce, duk da haka aka samu mutane suna fifita mai jinkirin, domin sun ga ana yi musu wahala. Duk wanda ya taɓa zama a gaban tela yana kallon allura na hawa da sauka a kan rigarsa ya san wannan natsuwar. Sai dai ilimi ne mai kaifi biyu, don akwai masu ƙirƙiro jinkirin ƙarya su nuna aikin da ba a yi. Ni abin da na ɗauka a ciki mai sauƙi ne. Da allon ya ce wa gwaggo, da harshen da take ji, kuɗinki sun bar asusunki, ba su isa wancan bankin ba tukuna, idan ba su isa ba za su dawo miki, kada ki sake turawa, ba ki yi kuskure ba, da ta tsallaka titin nan da wata zuciyar daban. Jimla biyar ce. Ba ta buƙatar sabuwar na'ura, tana buƙatar wani ya taɓa tsayawa kusa da mai irin halinta.

A Kenya an yi wani abu mai kama da haka. Tsarin tura kuɗi ta waya na M-Pesa ya fara a 2007, kuma babbar fargabar masu amfani da shi ita ce kuskuren lamba ɗaya ya kai kuɗin makaranta hannun baƙo. A 2015 aka ƙara wani mataki mai suna Hakikisha, kalmar Suwahili ce mai tushe ɗaya da haƙiƙa tamu, ma'anarta tabbatar. Kafin kuɗi su tafi, sai sunan wanda za su je wa ya fito, a ba ka 'yan daƙiƙu ka fasa idan ba shi ba ne. A ƙa'idar masu son rage matakai wannan ƙarin jinkiri ne. Wanda ya taɓa tura kuɗi gabansa na faɗuwa kuwa ya san me ganin sunan nan yake sauke masa.

Yaya ake gano irin wannan? Tsohuwar hanyar sana'ar, wadda har yanzu ban ga wadda ta fi ta ba, ita ce a zauna kusa da mutum a kalle shi. A ba shi waya, a ba shi aiki na gaske, a ce tura wa ɗanka dubu biyar, a roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa a fili yayin da yake yi. Sai a fara da gaya masa cewa manhajar ake jarrabawa, ba shi ba. Daga nan mai kallo ya kama bakinsa, wanda shi ne mafi wuya, domin ganin mutum yana laluben maɓallin da ke gaban idonsa yana sa hannunka ƙaiƙayi. Da ka nuna masa ka ɓata gwajin, don ranar da zai yi shi kaɗai a kemis ba ka nan. Ba a buƙatar taro. Nielsen ya yi lissafin cewa mutum 5 sukan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke cikin tsari, shi ya sa ya ce gara a gwada da biyar, a gyara, a sake nemo wasu biyar, da a tara mutane da yawa a zama ɗaya.

A wurinmu wannan hanya tana da wani cikas da ya kamata a faɗa. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowane baƙo yake nuna wa ba. Dattijuwar da saurayi ya zo gidanta da sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa mata aikin da ya sha wahala a kai, ba za ta buɗe baki ta ce bai yi ba. Za ta ce ma sha Allah, Allah ya yi albarka, ya yi kyau. Wanda ya rubuta wannan a takarda ya koma ofis ya ce an yaba, bai ji komai ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. A kalli yatsan da ya tsaya a sama da maɓalli ya kasa sauka. A lura da lokacin da ta ɗan nisanta wayar daga jikinta, da lokacin da ta ɗago ido tana neman izini kafin ta danna, da 'yar dariyar da mutum kan yi don ya rufe ruɗewa. Nan amsar take.

Wata mai bincike a cibiyar Microsoft da ke Bangalore a Indiya, Indrani Medhi, ta yi shekaru tana irin wannan zama da mata masu aikatau a unguwannin talakawa, waɗanda ba su iya karatu ba. Tana so ta gina musu manhajar neman aiki wadda babu rubutu a cikinta. Ta gano abubuwa da dama ta hanyar gwaji: zanen hannu mai sauƙi tare da murya cikin harshensu ya fi alamomin da masu ilimin boko suka saba da su, lambobi kuma ba su cika ba su wahala ba. Duk da haka matan suka riƙa ɗari-ɗari. Wasu na tsoron kada su taɓa su lalata kaya mai tsada. Wasu kuma sun kasa ganin yadda akwati zai san gidan da ake neman mai wanke-wanke. Abin da ya taimaka a ƙarshe ɗan gajeren fim ne da aka sa a farko, mai nuna labarin gaba ɗaya: ga mai gida tana neman 'yar aiki, ga yadda bayanin ya shiga kwamfuta, ga mace irinsu ta zo ta duba ta samu. Bayan kallon fim ɗin matan suka fi iya kammala aikin, alhali maɓallan suna nan yadda suke. Babu takardar tambayoyin da za ta fito da wannan. Sai wanda ya zauna a tabarma ɗaya da su.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi arha idan masu amfani sun kai miliyoyi, kuma ita ce ta mamaye manyan kamfanoni. A raba mutane gida biyu ba tare da sun sani ba, a nuna wa waɗannan maɓalli ja, waɗancan kore, a ƙirga wanne aka fi dannawa. A 2009 babban mai zane na Google, Douglas Bowman, ya bar aiki, ya kuma bayyana cewa cikin abubuwan da suka ishe shi har da ganin an kasa zaɓa tsakanin shuɗi biyu, sai aka gwada shuɗi iri 41. Ƙirge yana da amfaninsa, yana kashe gardamar da girman kujera kan ci. Illarsa ita ce dannawa kawai yake gani. Wanda ya daɗe a manhaja don tana yi masa amfani, da wanda ya daɗe don ya rasa hanyar fita, da wanda ya daɗe don an tayar masa da hankali, duk lamba ɗaya suke ƙarawa a allon ofis.

Da zarar lambar ta zama abin bauta, ilimin sanin zuciya sai ya koma kayan farauta. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shafin da ba shi da ƙarshe a 2006, wanda kake ja yana ƙaro maka, ya fito daga baya ya nuna nadama, domin ƙarshen shafi shi ne wurin da mutum kan tsaya ya tambayi kansa ko ya isa haka. A 2010 wani ɗan Birtaniya, Harry Brignull, ya fara tattara ire-iren ƙirar yaudara yana ba su suna: rajistar da shigarta dannawa ɗaya ce fitarta kuwa sai an sha wuya, maɓallin ƙi da aka rubuta shi yadda mai dannawa zai ji kamar wawa, agogon ƙarya mai cewa saura minti biyar rangwame ya ƙare. Dukansu da kunya da fargaba suke aiki, waɗanda ya kamata a sauƙaƙa. A ƙarshen 2022 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince da mayar da dala miliyan 245 ga mutanen da aka caja kuɗin abin da ba su yi niyyar saya ba, saboda yadda aka jera maɓallai.

Facebook kuwa ya taɓa gwada zuciyar kai tsaye. Na mako guda a watan Janairun 2012, aka sauya abin da mutum 689,003 suke gani a shafinsu, aka rage wa wasu labarai masu daɗi, aka rage wa wasu masu ɗaci, don a ga ko kalamansu za su bi. Sun bi, ko da yake da ɗan kaɗan. Da aka buga sakamakon a 2014 duniya ta ɗauka, domin ba a nemi yardar kowa a kan gwajin ba. A cikin dubban nan da aka rage wa labarai masu daɗi, babu wanda ya duba wa ke jinya, wa ke zaman makoki.

A watan Disamban wannan shekarar ta 2014 abin ya fito da fuskar mutum ɗaya. Facebook ya haɗa wa kowa taƙaitaccen tarihin shekararsa, ya zaɓo hoto daga cikin waɗanda aka fi yi wa martani, ya kewaye shi da zanen mutane suna rawa da balan-balan. Eric Meyer, sanannen masanin gina shafukan intanet a Amurka, ya buɗe shafinsa ya ga fuskar 'yarsa a tsakiyar wannan biki. Yarinyar ta rasu a shekarar tana da shekara 6, ciwon daji na ƙwaƙwalwa ne ya ɗauke ta. Hoton ya tara martani ne domin mutane suna ta'aziyya, lissafin na'ura kuwa yawa ya gani. Meyer ya rubuta abin da ya same shi ba tare da zagi ba. Ya ce ya san ba da gangan aka yi ba, kuma ga yawancin mutane abin ya yi daidai. Kamfanin ya ba shi haƙuri.

Abin da ya yi bayan nan ya fi burge ni. Shi da Sara Wachter-Boettcher suka rubuta littafi a 2016, suka ƙalubalanci wata kalma da ta zama ruwan dare a bakin masu sana'ar. Idan aka kawo maganar mutum irin Meyer a taron ofis, akan ce ai wannan na gefe ne, ba shi ne yawancin masu amfani ba, a wuce. Su kuma suka ce a daina kallonsu a matsayin na gefe, a ɗauke su ma'aunin ƙarfin gini, kamar yadda ake gwada gada da mota mafi nauyi. Dalilinsu kuwa na gefen nan ba wasu mutane ne daban ba. Kowa yana da ranar da zai zama shi. Wanda ya buɗe manhajar banki da safe yana shan shayi, shi ne zai buɗe ta wani daren a ƙofar asibiti hannunsa na rawa. Masu tsara manhaja suna da al'adar ƙirƙiro wani mutum na misali, su ba shi suna da shekaru da sana'a, su manna hotonsa a bango don su riƙa tuna wa suke yi wa aiki. Kusan kullum murmushi yake yi a hoton, yana da cikakken caji da isasshen data, kuma babu wanda yake jiransa da leda a hannu.

Kuɗin gwaggo sun dawo bayan kwana tara, bayan na je reshen bankin sau biyu na cike takarda. Mijinta ya samu sauƙi, an sallame shi. Na kai mata labarin da kaina, na nuna mata saƙon, na sake gaya mata cewa matsalar daga can ce, ita ba ta yi kuskuren komai ba. Ta ce alhamdu lillahi, ta sa mini albarka.

Ba ta goge manhajar ba, tana nan a wayarta, kuma kuɗi suna shiga suna fita ta cikinta kusan kowane mako. A lissafin bankin tana cikin waɗanda suka rungumi tsarin. Amma tun daga daren nan yatsanta bai sake sauka a kan maɓallin turawa ba. Idan za ta fita takan ƙulle 'yan takardu a bakin zane. Idan kuma tura kuɗi ya zama dole, sai ta aika a kira jikan nata daga wurin ƙwallo, ta miƙa masa wayar, ta tsaya a bayansa tana leƙe ta saman kafaɗarsa. Da da'irar ta fara juyawa sai ka ga leɓɓanta suna motsi.